Tsofaffin da Ba Su Cikin Layina

Mahaifina mahauci ne, kakana ma mahauci, ni kuwa in na ga jini jiri nake yi. Da wannan abin kunya na tashi a Agege. Ranar da Baba ya fara tafiya da ni Abbatuwa ta Oko-Oba don in koyi sana'ar gado, ana kayar da sa na farko na riga shi kaiwa ƙasa. Na farfaɗo na tarar ana yayyafa mini ruwan da ban so in san na mene ne ba, mahauta sun kewaye ni suna dariya, Baba kuma ya juya baya yana ta wasa wuƙar da ba ta bukatar washi. Sai da muka koma gida ya dubi Inna ya ce, "Albasar nan taki ba ta yi halin ruwa ba. A bar shi da boko."

Aka bar ni da boko. Na so in zama likita don in wanke kaina, sai aka gaya mini can ma jinin ne, har ya fi na Abbatuwa, domin mai jinin yana kallonka. Da na yi ta kewaye-kewaye sai na faɗa fannin lissafin kiwon lafiya, aikin mutanen da ke zaune a bayan likitoci da kwamfuta, suna tattara bayanan marasa lafiya don a gane me ke kawo me. Ban taɓa yi wa ko kaza allura ba, amma unguwarmu kaf Likita ake kirana. Mata su tare ni a bakin famfo su nuna mini ƙurajen 'ya'yansu, in duba da nisa-nisa in ce a je asibiti. Baba ma Likita yake ce mini. Ni ne ɗan fari, sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba, don haka wannan laƙabi ya zo masa daidai. Sai dai yana da wata irin ja da yake yi wa kalmar, yadda duk mai kunne zai ji cewa bai manta da ranar Abbatuwa ba.

Abin da na fi ƙwarewa a kai, ko in ce abin da na fi yin baki a kai, shi ne wani lissafi da ake kira rigireshan. Sunan ne mai ban tsoro, abin kansa ba shi da wuya. A ce kana son sanin ko hawan jini yana ƙaruwa da shekaru. Sai ka auna mutane da yawa, kowane mutum ka yi masa ɗigo ɗaya a kan takarda: shekarunsa su nuna inda zai tsaya daga hagu zuwa dama, awon jininsa ya nuna tsayinsa daga ƙasa zuwa sama. Ɗigogin za su watsu kamar an zubar da gero. Aikin kwamfuta shi ne ta ja layin da ya fi kusa da dukkansu. In layin ya hau, ka ce jini yana hawa da shekaru. Daɗin abin kuma shi ne za ka iya ce mata ta ware tasirin ƙiba, ta ware na gishiri, ta ware na taba, ta nuna maka abin da shekaru kaɗai suka yi. Ni wannan ya burge ni matuƙa, domin ga hanyar yin magana a kan jini ba tare da ka ga ɗigonsa ko ɗaya ba.

Da na shiga karatun digiri na biyu aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Na ce zan duba hawan jini a tsakanin Hausawa maza masu aiki a Abbatuwa da kewayenta. Malamar da aka ba ta duba aikina wata farfesa ce Bayarabiya, 'yar ƙaramar mace mai ƙaramar murya, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa harshe amma ɗalibai suna canja hanya in sun hango ta. Ta amince. Ta ce in auna su yanzu, in kuma koma in sake auna waɗannan mutanen bayan wasu watanni.

Na kafa bencina a rumfar wani mai shayi, can nesa da inda ake yanka, na kuma tabbatar bayana ne ke fuskantar kwatar da jini ke bi. Da farko ba wanda ya zo. Kowa ya wuce sai ya ce, "Likita, an tashi lafiya? Yau ba faɗuwa?" ya yi gaba. Ana cikin haka sai ga Baba. Ya zauna a kan bencin, ya naɗe hannun riga, ya miƙo mini damtsensa yana kallon wani wuri daban kamar bai san ni ba. Na ɗaura masa na'urar, ta hura ta sace. Yana tashi mutane suka fara layi: dillalan shanu masu manyan riguna, 'yan dakon nama da kafaɗunsu suka yi kanta, masu cinikin fata, da samari 'yan ci-rani da ba su daɗe da sauka daga tirela ba. Duk wanda na tambaya ko yana da wani ciwo sai ya ce lafiya lau, ko da kuwa tari ya hana shi ƙarasa maganar.

Awon Baba ya yi sama, kuma ban yi mamaki ba. An daɗe da gano yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya da zai riƙa sha kullum da safe. Ya tsane ta. Yana cewa tana sa shi fitsari kamar ɗan akuya, mutumin da a da yake riƙe alwalar azahar har isha'i ya koma ɗan zaryar buta. Inna ce ke tsaye a kan maganar. Kowace safiya za ta ajiye masa ƙwayar a gefen kofin koko, shi kuma ya yi ta mita yana cewa kakansa ya kai tsufa tukuf bai san wani abu ƙwaya ba. Amma yana sha. Wannan 'yar ƙwaya ita ce katangar da ke tsakaninsa da abin da likitansa na gaskiya ya gargaɗe shi a kai, wato shanyewar ɓarin jiki.

Da na gama zagaye na farko na zuba komai a kwamfuta na ce ta ja layi. Layin ya tashi daga samari yana hawa, ya bi ta kan magidanta yana hawa, kamar yadda kowane littafi ya ce zai yi. Yana kaiwa wajen 'yan shekara sittin sai ya lanƙwasa ya fara gangarowa. Na goge tabarau na sake dubawa. Na ce ta ware ƙiba, ta ware. Na ce ta ware gishiri da goro da taba, ta ware. Layin yana nan yana gangara abinsa. Na jarraba ta wata fuska, na sa yawan shekarun da mutum ya yi a Legas, sai ga shi wai waɗanda suka fi daɗewa su ne jininsu ya fi kwanciya.

Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Legas fa! Garin da za ka shiga motar danfo a Abule Egba kana saurayi ka sauka a Oshodi da furfura. Garin da kwandasta zai zage ka, ɗan okada ya buge ka, mai gida ya ƙara maka haya, duk kafin hantsi. Wannan garin ne kwamfutata ta ce yana kwantar da jini. Ni kuwa maimakon in yi shakka, kaina ya kumbura. Na yi wa rogo kallon kitse, har na fara tanadin wuƙa. A cikin danfo ina komawa gida na ga kaina a manyan tarurruka, ina sanye da kwat, ana tafa mini, ana cewa ga ɗan mahaucin da ya gano sirrin tsofaffin Agege. Matar da ke kusa da ni ta ga ina murmushi ni kaɗai, ta janye jakarta.

Na kai wa Malama. Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta cire tabarau ta tambaye ni da Turancin kasuwa, wanda take yi in tana son magana ta shiga, "Your old men, dem no dey sick?" Wato tsofaffin namu ba sa ciwo ne? Ina marasa lafiyar cikinsu?

Na gyara zama na yi mata lacca. Na ce ai Bahaushe ƙarfe ne. Na ce mutanenmu suna tafiya da ƙafa, suna shan fura, suna tashi da asuba, ba su san zaman kujera ba. Na ce duk tsohon da na auna garau yake, wani ma ya fi ni ƙarfi, wanda dai ba abin a zo a gani ba ne. Ta bar ni na gama tsaf. Sai ta ce, "Ban ce ƙarya kake yi ba. Na ce ka je ka nemo mini su." Na fito ina cewa a raina hassada ce irin ta manya, ba sa son yaro ya riga su.

Ban je neman kowa ba, gida na nufa. Bayan la'asar Baba yakan zauna da abokansa a kan tabarma a ƙofar gida, ana ɓare goro ana gyara duniya. Na durƙusa na gaishe su, na ƙi tashi. Da aka tambaye ni labarin karatu sai na zazzage musu komai, har da zana layin a ƙasa da tsinke. Na ga idon Baba ya yi haske. Ya matso ya ce, "Tsaya, Likita. Kana nufin in mutum ya wuce sittin, jinin da kansa yake sauka?"

Na ce, "Haka lissafin ya nuna, Baba. Amma fa wannan magana ce ta jama'a, ba ta mutum ɗaya ba."

Ya ce, "To ni ba jama'a ba ne?"

Aka kwashe da dariya. Ya dubi abokansa ya ce, "Kun ji ko? Da kwamfuta ya auna. Yaron nan kansa yana ja." A iya sanina wannan ne karo na farko da ya yabe ni a gaban mutane, kuma har Likitan da ya faɗa a ranar babu wannan ja a cikinsa. Daɗi ya kashe ni. Na yi ta ƙara bayani da sharuɗɗa da togaciya, rabi Hausa rabi Turanci, amma Baba ya riga ya yanki tsokar da yake so ya bar mini ƙashin.

Inna ce ta gano. Wata rana tana wanki ta ji wani abu ya dunƙule a aljihun jamfarsa, ta zazzage sai ga farin gari ya jiƙe ya manne. Ta duba ta biyu, haka. Ashe yakan ɗauki ƙwayar ya kai hannu baki, ya kurɓi koko, hannun kuma ya zarce aljihu. Ta kira ni bayan ɗaki ta nuna mini tafin hannunta. Ta ce, "Ga karatunka nan. Kai ka kwance shi, kai za ka ɗaure."

Na buga hoton ɗigogin a babbar takarda na kai masa. Na ce, "Baba, ka ga layin nan ƙasa-ƙasa. Ka ga wannan ɗigon kuma can sama shi kaɗai, nesa da layin? Kai ne."

Ya karɓa ya duba da kyau, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Ya ce, "Ai ban daɗe da wuce sittin ɗin ba. Yana hanya, zai sauko."

Na ce ba haka abin yake aiki ba.

Ya ce, "To ɗaya cikin biyu. Ko kwamfutar ta yi ƙarya, ko kai ka yi. Wanne ne?"

Na tsaya ina inda-inda. Na kawo misalai, na kawo sunayen littattafai, na ce likitansa ya fi ni sani. Ya ce likitansa bai taɓa auna mahautan Oko-Oba ba, ni kuwa na auna. Da makamina ya yaƙe ni, kuma ya fi ni iya riƙe shi. A ƙarshe ya ce don a zauna lafiya zai riƙa sha, Inna ta koma tsayawa a kansa. Wasu ranakun ya haɗiye, wasu ranakun ya ce ya makara zai sha a wurin aiki. Mahauci ne, hannunsa ya fi idon kowa sauri.

Wata safiya ina shirin fita wayata ta yi ƙara. Ƙanin Baba ne, Baffa, wanda suke aiki tare. Ya ce, "Ka zo yanzu. Wuƙa ta faɗi daga hannun babanka, ya kasa ɗauka." Na tare okada. Ban bi ta hanyar da na saba kewayewa don guje wa jini ba, na ratsa ta tsakiyar mayanka da gudu, jini yana fallatsa har ƙwaurina, na same shi a jingine da bango, bakinsa ya karkace, hannun dama yana lilo. Yana ƙoƙarin yi mini magana, kalmomin suna narkewa kafin su fito. Ni na ɗauke shi a baya zuwa mota. Sai da muka isa asibiti aka shiga da shi na dubi ƙafafuna, na ga abin da na taka, na kuma lura ban faɗi ba. Ba wanda ya kula da wannan bajinta, kuma daidai ne.

Allah ya sa da sauran kwana. Ya farfaɗo, amma ɓarin dama ya yi nauyi, magana kuma sai a hankali. Likitoci suka ce a ci gaba da magani, a riƙa kawo shi gashi don hannu da ƙafa su motsa. Muka dawo da shi gida. Gidan haya ne irin na Agege, ɗakuna suna kallon juna, ban-ɗaki ɗaya a ƙarshen lungu. Duk lokacin da zai zaga sai mun tallafe shi mun ratsa ta gaban ƙofar kowa. Maƙwabta mutanen kirki ne, Yarabawa da namu, kowa yana cewa sannu Baba, pele Baba. Shi kuwa kowace sannu kamar ana yankar naman jikinsa. Mutumin da yake kayar da bijimi da igiya ɗaya.

Ba a daɗe ba Baffa ya zo da wasu dattawa biyu. Suka zauna, aka gaisa, aka yi addu'a. Sai Baffa ya ce, "To, sai a fara shirin kai shi gida."

Na ce, "Baffa, nan ne asibiti yake. Nan ne ake gashin. A ƙauye wa zai duba shi?"

Ya ce, "Ɗana, Kurmi wurin nema ne, ba wurin jinya ba. Ciwo in ya yi nauyi gida ake kai shi. In sauƙi ya zo, ya zo a cikin dangi. In kuma ɗayan ne, ba a bar mutum a ƙasar wasu ba. Haka muka tarar."

Haka kuwa muka tarar. Tun ina yaro nake ganin ana shimfiɗa katifa a bayan tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa, a kwantar da wani bawan Allah, a sa masa buta da ƙullin kaya a gefe. In ka tambayi wane, a ce ai jiki ya ƙi, an kai shi gida. Magana ce da nake ji kamar sallama, ba ta taɓa tsaya mini a rai ba. Ko a wannan zaman ma, da Baffa yake faɗa, hankalina yana kan gardama. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi a gaban manya ba. Sai muka ji motsi daga kan gado. Baba ya ɗaga hannun hagu. Ya tattara bakinsa da ƙyar ya ce, "Gida."

Ba a sa shi a tirela ba, wannan kam na tsaya a kai. Mota muka ɗauka, Inna tana riƙe da kansa, ni ina gaba da jakar magani da na'urar awo a kan cinya. Ƙauyenmu yana can ƙasar Katsina, rabona da shi tun ina makarantar sakandare.

Washegari da hantsi aka fito da Baba aka zaunar da shi a gindin darbejiyar ƙofar gida don masu zuwa dubiya. Ina tsugune ina gyara masa matashi sai na ji wata murya a bayana ta ce, "Omo Agege, bawo ni?" Gaisuwar Yarabanci, a tsakiyar ƙasar Katsina. Na waiwaya. Wani tsoho ne yana jan ƙafa ɗaya, bakinsa a karkace kamar na Baba. Na san shi. Shi ne mai cinikin fata da yake ba ni kuɗin alewa ina yaro, wanda wata rana na daina ganinsa, ban kuma tambaya ba. Bayansa ga wani, jikansa yana riƙe da sandarsa, idanunsa sun tafi. Dillalin shanu ne a da, muryarsa kaɗai tana tsayar da ciniki. Ga wani da ƙafafu a kumbure. Ga wani da aka turo a baro daga ƙauyen gaba, don ya ji abokinsa ya iso. Suka zazzauna suna tambayar Baba labarin Abbatuwa, wa ke nan, wa ya tafi, har yanzu gosulon Abule Egba yana nan?

Na tsaya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, sai muryar Malama ta dawo mini, ka je ka nemo mini su. Ga su nan. Tsofaffin Agege marasa lafiya, zaune a inuwa ɗaya, tafiyar yini da kwana daga bencina. Duk wanda jininsa ya hau har ya kayar da shi, an ɗauke shi an kawo nan. Waɗanda suka rage a Oko-Oba har na ɗaura musu na'ura su ne waɗanda ciwon ya tsallake. Legas ba ta warkar da kowa ba, tankaɗe su take yi, ni kuma na zo na auna abin da ya rage a rariya na ce na gano magani. Wasu ma ba su cikin inuwar, suna bayan gari inda aka kai kakana. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Abin da na ba ta shi ta ja wa layi, kuma ba ta da hanyar sanin cewa akwai tirela.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ta fi ta ranar da na faɗi a gaban sa. Wancan karon ban san abin da zan gani ba. Wannan kuwa a gabana aka yi ta yi tun ina cikin zani.

Na ɗauko na'urar don in auna Baba. Mai fata ya ce, "A'a, Likita, mu ba mutane ba ne?" ya naɗe hannun riga. Sauran ma suka naɗe. Na bi su ɗaya-ɗaya. Ban rubuta komai ba, ba aikin makaranta ba ne, amma kowane awo ya fito sai in ga inda ɗigonsa zai zauna, can sama kusa da na Baba. Ashe ɗigon nan da na nuna masa ba shi kaɗai ba ne, 'yan'uwansa ne suka riga shi tafiya. Yawancinsu ba sa shan komai. Na yi ta faɗa da roƙo a kai su asibitin garin da ke kusa, wasu 'ya'yan suka ji, wasu suka ce to.

Da na dawo Legas na je wurin Malama, na shirya shan dariya. Ba ta yi ba. Ta tambayi jikin Baba tukuna. Sannan ta ce abin da na gani sananne ne a bincike a kan mutanen da ke barin gida neman abinci, kuma da na karanta abin da ta ba ni maimakon tsara jawabin karɓar lambar yabo, da na ci karo da shi. Ta ce, "Ka gama zagaye na biyu. Sai ka rubuta gaskiyar abin da layinka yake aunawa."

Na koma rumfar mai shayi na sake kafa benci. Mutanen suka dawo, yawancinsu. Wanda bai zo ba in na tambaya sai a ce ya yi tafiya, ko a ce jiki ya ƙi, an kai shi gida. Yanzu kam kowace irin wannan amsa sai ta tsaya mini a rai. Ba wanda ya zo ya fara miƙa hannu yana kallon wani wuri. Gurbin Baba na bar shi babu komai, tunda ban auna shi a Oko-Oba ba. Ita kuwa kwamfuta ɗabi'arta ce, duk wanda gurbinsa ba komai sai ta ajiye shi gefe ba tare da ta tambayi ko waye ba. Na ce ta ja layi. Ta ja. Ya fi na farko kyau, ya gangara sumul, ba wani ɗigo a sama da ke ja masa baya.

Na daɗe a zaune ina kallonsa. Na yi kewar ubana.

Da la'asar na kira wayar Inna. Bayan mun gaisa ta ce ga shi. Maganarsa ta ɗan saki, ana ganewa in an yi haƙuri. Ya tambayi Baffa, ya tambayi kasuwa. Sai ya ce, "Likita, yaya layin naka?"

Na yi niyyar in ce lafiya lau, kamar kowa. Na ce, "Ya ƙara sauka, Baba."

Ina jin kukan awaki a bayansa. Ya ce, "Tun da na tafi?"

Na ce, "Eh."

Sai ya yi dariya, irin dariyar rabin baki da ta rage masa. Ya ce, "To ka gani. Ko ba komai na yi maka rana."

Can na ji muryar Inna kusa da wayar, tana cewa ƙwayar safe ya ce sai anjima, to anjimar ta yi. Na ji ƙarar kofi, na ji ya kurɓa. Ta ce, "Buɗe in gani. Ɗaga harshen. Kawo hannun hagun ma."

Na riƙe wayar a kunne ban kashe ba, har sai da na ji ta ce, "Yawwa."